Zuciya a Filin Atisaye

Bahaushe yana da kalma ɗaya da yake yabo da ita, yake kuma zargi da ita. In ya ce wane yana da zuciya, wataƙila jarumi yake nufi wanda ba ya yarda a bar shi a baya, wataƙila kuma mai saurin hasala ne da zama da shi sai an kai zuciya nesa. Malalaci a ce zuciyarsa ta mutu, wanda ya yi aika-aika a ce zuciya ce ta ɗebe shi. Ma'anonin nan biyu sun fi cakuɗewa a filin atisaye, inda babu 'yan kallo, babu kofi, sai abokan wasa da gumi da takaicin abin da aka maimaita sau ɗari bai yiwu ba. Mutane da yawa sun ɗauka wutar da ke kai ɗan wasa ga ƙwarewa ita ce ke sa shi ɗaga hannu a kan abokinsa, don haka mai son gwani sai ya haƙura da dukansa. Ban yarda da wannan ba.

Hujjar da aka fi kawowa daga Amurka take. A 1995 Michael Jordan ya dawo ƙwallon kwando bayan ya tafi gwada wani wasan, kuma Orlando ta fitar da ƙungiyarsa ta Chicago Bulls daga gasar. Da wannan haushin ya shiga atisayen kaka mai zuwa. Wata rana aka haɗa shi da abokin wasansa Steve Kerr, wanda bai kai shi jiki ba balle suna. Cacar baki ta kai ga bangaza, Kerr ya kai masa hannu a ƙirji, shi kuma ya zabga masa naushi a ido. Koci Phil Jackson ya kore shi daga filin. A kakar nan Bulls ta ci wasa 72 cikin 82, ta ɗauki kofi. Sai masu wannan ra'ayi su ce to ga shi nan, naushin ne ya farkar da ƙungiya.

Amma labarin yana da ƙarshe da ake tsallakewa. Jordan ya nemi lambar Kerr, ya kira shi ya ba shi haƙuri, kuma da bakinsa ya faɗa daga baya cewa abin ya sa ya ji ya ƙasƙanta. Wanda ya yi dukan bai ɗauke shi dabarar horo ba, kuskure ya ɗauke shi. Sannan an sake ganin irin wannan a gaban Kerr ɗin, lokacin yana kocin Golden State Warriors. A watan Oktoban 2022, watanni kaɗan bayan sun ci kofi, Draymond Green ya naushi matashin abokin wasansa Jordan Poole a wurin atisaye, bidiyon ya fita duniya ta gani. Ƙungiyar ta kasa kare kofinta, Lakers ta fitar da ita a zagaye na biyu, Kerr ya amsa cewa yarda da juna ta samu rauni, aka kuma tura Poole Washington. Da a ce naushi magani ne, da ya yi aiki a karo na biyu.

Ko da ma ya yi aiki, Musulmi ba ya auna halaccin abu da ribar da ta biyo baya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ɗauki misalinsa ne daga fagen kokawa: ya cire sunan ƙarfi daga kan mai yawan kayar da maza, ya ɗora shi a kan wanda ya iya riƙe kansa lokacin da ransa ya ɓaci. Wani zai ce irin wannan tarbiyya sanyin jiki take haifarwa, kuma mai sanyin jiki ba ya cin gasa. Wannan rashin fahimtar malamai ne. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa rashin fushi kwata-kwata cikin aibobi, kamar yadda ya lissafa wuce gona da iri, domin wanda ba ya jin zafin komai ba zai kare gaskiya ba, ba zai ma yaƙi lalacin kansa ba. Abin da ya nema shi ne fushi ya zama kamar karen farauta mai horo, ya zabura in an sake shi, ya tsaya in an kira shi. Ɗan wasan da ya zubar da ƙwallo, takaici ya hana shi tafiya gida sai ya ƙara awa guda yana jifa shi kaɗai, wannan karensa yana farauta. Wanda ya juya ya huce a fuskar na kusa da shi, karen ya ciji ɗan gida.

Akwai ƙalubale mafi nauyi, kuma ba na raina shi. Za a ce mai zama a inuwa ne ke wannan rabe-raben, amma wanda numfashinsa ke sama-sama, ƙafafunsa na rawa, an bangaje shi sau uku, ba shi da sukunin auna fushinsa da mudu. Gaskiya ne abin da wuya. Sai dai atisaye an yi shi ne domin abu mai wuya ya zama jiki kafin ranar da za a buƙace shi. In ana horar da hannu ya saita ƙwallo cikin gajiya, zuciya ma ana horar da ita ta tsaya cikin tsokana, kuma abokin hamayya ya san inda ba a horar ba. Green ɗin nan an dakatar da shi daga wasa na biyar na ƙarshen gasar 2016 saboda tarin laifukan ƙeta, lokacin ƙungiyarsa na gaba da ci uku da ɗaya, bayan kakar da ta ci wasa 73 ta karya tarihin Bulls. Cleveland ta cinye wasanni ukun da suka rage.

Shi kuwa Jordan, a wasa na shida na ƙarshen gasar 1997 da Utah, saura 'yan daƙiƙoƙi ana kunnen doki, 'yan baya biyu suka rufe shi. Ya miƙa ƙwallon ga mutumin da ya taɓa kumbura wa ido, wanda kuma ya taɓa neman gafararsa a waya. Kerr ya jefa, ta shiga.