Da Wane Mudu Ake Auna Malami?

A ranar 17 ga Janairu 2024 wani mutumin ƙasar Sabiya mai suna Dejan Milojević ya rasu a birnin Salt Lake City na Amurka yana da shekara 46, bayan ciwon zuciya ya buge shi ana tsakiyar cin abincin dare da abokan aikinsa. Mutum ne da ya yi suna a wasan ƙwallon kwando tun yana ɗan wasa, domin sau uku a jere, daga 2004 zuwa 2006, ana zaɓensa gwarzon gasar ƙasashen yankinsu, kuma yana cikin tawagar Yugoslabiya da ta ci kofin Turai a 2001. Da ya ajiye wasa sai ya kama horarwa, ya shekara takwas yana koyar da samari a ƙungiyar Mega ta ƙasarsu, daga bisani ƙungiyar Golden State Warriors ta ɗauke shi mataimakin koci, suka ci kofin NBA tare a 2022. Amma duk da wannan dogon tarihi, da labarin rasuwarsa ya bazu, abin da akasarin kafafen watsa labarai suka fara faɗa a kansa shi ne cewa shi ya koyar da Nikola Jokić, shahararren ɗan wasan nan da aka zaɓa gwarzon NBA a 2021 da 2022.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan malamin makaranta da ke zaune a Karfi, tsakanin gonakin masara da auduga, da wani Bature da ya mutu a wata uwa duniya? To, ruwanmu da shi guda ne, wato mudun da aka auna shi da shi, da shi ake auna mu. Duk inda aka tashi yabon malami a ƙasar nan, za ka ji an ce ai shi ya koyar da gwamna wane, ko likita wance ta hannunsa ta biyo. Ba a cika jin an ce shi ya koyar da yara dubu uku da babu wanda ya san sunansu ba. Tambayar da muke son mu ɗan tauna ita ce, shin adalci ne a auna malami da ɗalibinsa guda da ya yi fice? In kuma ba adalci ba ne, wace ɓarna wannan awo yake yi?

Ba sai mun tsallaka teku neman misali ba, ga shi nan kusa da mu a Zariya. Wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ, ya yi shekaru masu yawa yana horar da matasa ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Cikin yaran gari da suka biyo ta hannunsa akwai wani mai suna Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya, aka kuma rene shi a Zariya. Kamar sauran yaranmu, ƙwallon ƙafa ya fara bugawa, sai da ya kai shekara 13 ya kama ƙwallon kwando. Wannan yaro shi ne ya zama babban manajan ƙungiyar Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon manajojin NBA a 2013, sannan ya jagoranci Toronto Raptors ta Kanada har ta ci kofin NBA a 2019, karo na farko a tarihinta. Tun daga nan, in an ambaci Koci OBJ a wajen Zariya, galibi da sunan Ujiri ake haɗa shi.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da masu yabo ba su cika tsayawa a kansa ba. Abin da aka koya wa Ujiri a Zariya shi ne buga ƙwallo, kuma a wannan fanni bai taɓa zama tauraro ba. Ya tafi Amurka ya yi wasa a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, ya dawo Turai ya yi kimanin shekara shida yana yawo a ƙananan ƙungiyoyi, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Da ya ajiye wasa a 2002, aikin da ya samu shi ne nemo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, har kuɗin tafiye-tafiyensa shi yake biya. Ke nan da a wannan shekara aka tashi auna kocinsa da mudun da muke magana a kai, da cewa za a yi ga malamin wani ɗan wasa da bai kai ko'ina ba. Bayan shekara 17 kuma aka ce ga malamin zakara. Alhali kuwa aikin da mutumin ya yi a filin Zariya bai ƙaru ba bai ragu ba tsakanin 2002 da 2019, ya riga ya gama shi tun yaron bai bar gida ba. Mudun da yake canja nauyin kaya bayan an ɗaure buhu an kai rumbu, ai ko a kasuwar ƙauye ba za a yarda da shi ba.

Wani abin lura kuma shi ne sana'ar da Ujiri ya yi suna da ita, wato zaɓen 'yan wasa. Aikin mai zaɓe shi ne ya duba yara ɗari ya ɗauki ɗaya ya bar sauran, kamar yadda malamin awo yake duba auduga a kasuwa ya ba ta lamba, ba ruwansa da wahalar da manomi ya sha. Ujiri ya nuna ya iya wannan aiki har ƙarshensa, domin a 2018 ya sallami kocin Raptors, Dwane Casey, a shekarar da aka zaɓi shi Casey gwarzon masu horarwa, ya kuma yi musayar DeMar DeRozan, ɗan wasan da mutanen Toronto suke ƙauna ƙwarai, ya karɓo Kawhi Leonard. Shekara na zagayowa suka ci kofi. Ba mu ga laifinsa ba, don abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan, kuma shi ma da lokacinsa ya yi ƙungiyar ta rabu da shi a 2025. A cikin faɗin gaskiya kuma, shi ne ya kafa gidauniyar Giants of Africa tun 2003 don koyar da yaran nahiyar nan wasa, abin da ke nuna bai manta da bambancin kasuwa da makaranta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da malami ya ari idon mai zaɓe ya shiga aji da shi. Wannan kuwa shi ne ɗan da wancan awo yake haifarwa. Muddin malami ya san cewa da ɗalibi guda za a tuna da shi, hankali ma zai gaya masa ya nemo wannan gudan tun da wuri ya zuba masa duk ƙarfinsa. Sanin kowa ne yadda abin yake a makarantu da yawa. Ana ware yara biyar ko shida na layin gaba, su ne 'yan kacici-kacici, su ne 'yan muhawara, su ake kaiwa Katsina gasa, su ake yi wa ƙarin darasi da yamma. A filin wasa ma haka, ƙwallo ɗaya ce, kuma ta 'yan tim ce. Sauran saba'in na baya, musamman waɗanda damina ke ɗauke wa rabin zango saboda noman firi da maimai, sai su zama 'yan cika benci. Babu wanda ya kore su, amma tun suna aji ɗaya an riga an ba su lamba, su ma kuma sun sani.

Ba mu ce masu wannan ra'ayi ba su da hujja ba, suna da ita, kuma mai ƙarfi. Za su ce malami ɗaya ne, yara tamanin, minti arba'in, in ya ce zai raba kansa daidai wa daida babu wanda zai samu abin kirki. Za su ce ko manomi in masara ta tsiro huɗu a rami yakan cire biyu don biyun su yi ƙwari, kuma ba mugunta ba ce, sanin aiki ne. Za su ƙara da cewa shi ma yaro mai basira yana da hakki, riƙe shi ya jira na baya zalunci ne. Wannan na ƙarshe mun yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ba mu ga aibu a ƙara wa mai ƙishirwa ruwa ba. Amma misalin manomi bai hau ba. Manomi ya san abin da ya shuka, masara ya zuba, masara zai girba, don haka in ya dubi kauri da tsayin tsiro ya san wanda zai bari. Shi malami bai san irin da ke hannunsa ba. A Zariya ɗan wasa aka shuka, sai manaja ya tsiro. Da kaurin kara aka bi, watakila da tun farko an tuge shi.

Kada kuma a ɗauka ƙarancin ƙwarewa ne ke sa malamin ƙauye kuskuren zaɓe. Duk shekara ƙungiyoyin NBA, da kuɗinsu da na'urorinsu da ƙwararrun da suke biya su zaga duniya, sukan zauna su zaɓi sabbin 'yan wasa bi da bi. A zaɓen 2014 sai da aka ɗauki mutum 40 kafin Denver ta ɗauki Jokić a matsayi na 41. Yaron nan ɗan garin Sombor da aka yi ta wucewa shi ne ya ci wa Denver kofinta na farko a 2023, aka sake zaɓensa gwarzo karo na uku a 2024. To, in waɗanda ba su da wata sana'a sai zaɓe suka yi irin wannan ɓatan kai a kan saurayi ɗan shekara 19 da suka sha kallon wasansa, da wace hujja malami zai yanke wa yaro ɗan shekara 12 hukunci daga jarrabawar zango ɗaya, wadda watakila ya rubuta ta bayan ya wuni a gona?

Sannan awon yana cutar da malaman kansu. Fitowar shahararren ɗalibi ta dogara da abubuwa da yawa da ba sa hannun malami. Ujiri ɗan likita ne, ya tashi a garin jami'a, iyayensa sun san hanyar ƙasashen waje. Malamin da aka tura wani ƙauye a bayan Malumfashi, ya shekara talatin yana koyar da 'ya'yan manoma har suka iya karanta takardar asibiti, suka iya lissafin taki da bashi ba a cuce su ba, yana iya yin ritaya ba tare da ko kansila ya fito daga ajinsa ba. A mudun jama'a wannan bawan Allah bai auna komai ba, shi ya sa ma ba a gayyatarsa taron tsofaffin ɗalibai a ba shi lambar yabo. Mu kuwa a ganinmu abin da ya kamata a tambaya game da shi, da Koci OBJ, da Milojević, iri ɗaya ne: shekara nawa ya tsaya a wurin, ƙofarsa a buɗe take ga wanda ya zo ko kuwa sai wanda aka zaɓa, kuma wanda ya fi kowa rauni a hannunsa, yaya ya shigo yaya ya fita? Waɗannan duk ana iya amsa su ranar da malami ya ajiye alli, ba sai an jira an ga abin da duniya za ta yi da ɗalibansa ba.

A kan wannan tambaya ta ƙarshe akwai abin dubawa a aikin Milojević. Lokacin da ya isa Warriors a 2021 ba a damƙa masa Stephen Curry ba, dogayen 'yan wasa aka ba shi, cikinsu har da Kevon Looney, wanda raunuka da tiyata suka ci masa shekarun farko, kuma ba a lissafa shi cikin taurari. Da shi ya zauna kullum suna maimaita aikin da 'yan kallo ba sa tafa wa, wato yadda ake tsayawa a ƙarƙashin kwando a cafe ƙwallon da ta kuskure. A watan Mayu 2022, a wasan da Warriors ta fitar da Memphis a kan hanyarta ta cin kofi, Looney ya cafe irin wannan ƙwallo har 22 shi kaɗai. Da kocin ya rasu sai da aka ɗage wasannin ƙungiyar guda biyu, kuma ranar da suka dawo fili 'yan wasan sun fito sanye da riguna masu ɗauke da kalmar da ya saba kiran kowa da ita a harshensu, babba da yaro, wadda ma'anarta ita ce ɗan'uwa.