Ganin Zaune

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To, amma wane irin gani?

Ran nan a ɗakin wani abokina na ɗaura tabaran nan na kwamfuta, ina zaune daram bisa kujera, sai ga ni cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa. Har jiri ya ɗebe ni, domin ido na cewa tafiya ake, jiki kuwa ya ce zaune muke.

Da na tuɓe shi sai na tuna ambaliyar 2022, sa'ad da Kogin Haɗeja ya cinye mana shinkafa a fadama, Baba yana cikin ruwa iya ƙirji yana jan buhu. Da za a nuna wa manyanmu na Dutse wannan cikin tabaran, lalle su tausaya, watakila har da ƙwalla. Amma fa mai tabarau yana iya tuɓewa, rigarsa a bushe, ya kurɓi shayi ya ce, "Ai na gani." Shin shaidarsa ta karɓu? Ni dai ban karɓa ba, ko da yake, in faɗi gaskiya, lokacin ni ma ina makaranta, a hoton waya na ga Baba.