Yaro da Wuta: A Wuyan Wa Alhakin Yake?

Duk wanda ya taɓa kwana a Illela cikin hunturu ya san cewa da wuta garin yake kwana, da ita kuma yake tashi. Mai shayi ya hura tasa tun kafin assalatu, mai ƙosai ta ɗora kaskonta, almajirai sun kewaye wutar kara suna karatu, tsofaffi sun shige ɗaka da garwashi. A bakin hanyar da ta miƙe zuwa Birnin Ƙwanni kuwa, mun saba ganin kwalabe da jarkokin fetur a jere, kuma sau da yawa mai tsaronsu yaro ne da bai kai shekara 15 ba.

To, a manyan birane ma'aikatan kwana-kwana kan ziyarci makarantu su yi wa ɗalibai bayanin gobara. Abin da suke koyarwa ba shi da wuya. Wuta kamar murhu take, a kan duwatsu uku take zaune: abin da za ta ci, da iska, da zafi. Cire ɗaya, sai ta mutu. Shi ya sa in mai ya kama a kasko ake rufe shi da murfi ko jiƙaƙƙen buhu, ba a watsa masa ruwa, domin ruwan zai tarwatsa man ne ya bi mutum. Wutar fetur yashi take so. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. Hayaƙi sama yake yi, saboda haka da rarrafe ake fita. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata kamar minti 20, ban da ɗanyen ƙwai da man goge baki da muke shafawa muna ganin gata muka yi wa yaro.

Ba mu jin akwai mai hankalin da zai ƙi wannan ilimi. Daga Illela zuwa Sakkwato ya haura kilomita 80, kuma ko da motar kwana-kwana a ƙofar gidan mutum take, mintocin farko na gobara suna hannun wanda ke wurin ne, wanda galibi mace ce ko yaro. Masu cewa gobara ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya umarce mu da kashe wuta kafin barci, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina. Wannan muhawara an daɗe da gama ta.

Tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce: idan mun koya wa yaro yadda zai kuɓuta daga wuta, mun sauke nauyinmu ke nan, ko kuwa mun ɗauke shi ne daga kanmu mun aza masa?

Mu duba Maraɗi. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta, yara aƙalla 25 suka rasu, 'yan shekara 5 zuwa 6. Watanni bakwai kafin nan, a Yamai, irin wannan aji ya ci yara 20. Wane darasi ne za a ba ɗan shekara 5 ya tsere wa busasshiyar zana a ranar iska? Babu. Manya ne suka kafa rumfar, manya suka zuba yaran a ciki, kuma sai da aka yi jana'iza sannan gwamnatin Nijar ta hana ajin zana ga ƙananan yara. Haka a Ƙauran Namoda cikin Fabrairun 2025, inda almajirai 17 suka ƙone da dare. A irin waɗannan wurare, wanda ya kamata a zaunar a gaban allo shi ne mai ginin da mai riƙe da mabuɗin ƙofa.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, kuma shi ya fi shafar garin kan iyaka. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, tankar mai ta kife, jama'a suka fito da bokitai suna kwasa, wuta ta tashi ta kashe fiye da mutum 150. A Yamai ma an yi haka a watan Mayun 2019, fiye da mutum 55 suka tafi. Mukan ce yunwa ce, kuma da gaskiyarmu. Amma a bincika, mutum nawa ne cikinsu suka san cewa ba ruwan fetur ne ke kamawa ba, tururinsa ne? Wannan tururi ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwarara cikin kwata, ta yadda wanda ya tada babur can nesa zai iya kunna shi. Saurayin da ya tsaya gefe yana kallo, yana jin ya tsira tunda bai taɓa man ba, cikin wutar yake tsaye. Ilimi ba zai cika masa ciki ba, amma zai iya matsar da shi taku ɗari baya, kuma wani lokaci wannan taku ɗarin shi ne tsakanin gida da maƙabarta.

Yaron Illela ba shi ya zaɓi wannan sana'a ba. Shekaru aru-aru arahar mai a Nijeriya da tsadarsa a ƙetare suka mai da jarka hanyar abinci. Da aka rufe kan iyaka a Agustan 2019, sannan cikin Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai mutumin gari ma ya koma dogaro da ɗan bumburutu. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya rage ribar fasa-ƙwauri, amma ɗabi'ar ajiye fetur a ɗakin da ake kwana ba doka ce ta kawo ta ba, balle doka ta kore ta. Mu muka ajiye jarkar, mu muka ce wa yaro ya tsare ta. Idan yanzu muka kira ɗan kwana-kwana ya yi masa lacca, muka yi tafi, muka watse, alhali jarkar na nan kusa da risho, to ba tarbiyya muka yi ba, shaidar wanke kai muka nema.

Akwai kuma wani abin da mu 'yan boko ba mu son a faɗa. Duk lokacin da aka ce a wayar da kan yara, makarantar da ke da kujeru da tuta muke nufi. Yarinyar da ke gaban kaskon tuya, da almajirin da ke kwana kusa da tulin kara, da yaron mota a tasha, su suka fi kowa kusa da wuta, su ne kuma ba sa cikin ajin ranar da baƙi suka zo.

Kasuwar Illela ranar Lahadi take ci, kuma a ranar yaran ƙasashen biyu duk suna wuri ɗaya. Da za a samu ma'aikaci ɗaya da bokitin yashi da tsohon buhu, ya kunna ɗan mai a kasko ya kashe a gaban jama'a da Hausar da ake ji a Illela da Ƙwanni, da an ga abin da ido. In ya gama da yaran, sai mai unguwa ya raka shi zaure-zaure, ya tambayi masu gida inda suke ajiye jarka, da ko tagar ɗakin yara tana buɗuwa daga ciki.