Laifin Mutum Ɗaya, Hukuncin Mutum Huɗu

Duk wanda ya taɓa halartar gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta makaranta a ƙasar Gaya da Ajingi, ya san lokacin da fili ke cika da kuma lokacin da yake watsewa. Idan ana jifan mashi ko dogon tsalle, sai ka tarar jama'a sun koma gindin darbejiya suna shan rake. Amma da zarar an ce 'yan tseren mita 100 su hau layi, hatta masu tallan gyaɗa sai sun dire farantansu. Dalili kuwa a fili yake, tsere ne gajere, kuma ba a gardama a kan gwaninsa. Mutum ɗaya ya yi gudu, shi kaɗai za a ɗaga sama. Shi ya sa ko a Toranke za ka sami yaron da ya san Usain Bolt ya cinye mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Berlin a shekarar 2009.

To amma fa idan ka tambayi yaran da ke gudun, da yawansu za su gaya maka wanda ke hana su barci shi ne tseren miƙa sanda, wato wanda mutum huɗu ke yi, kowa ya yi gudun rabonsa ya damƙa wa na gaba. Kuma tarihi ya goyi bayansu. Daga 1984 zuwa 2008 Nijeriya ta ci lambobi 8 a wannan tsere a wasannin Olamfik, alhali kuwa ba ta taɓa cin ko da tagulla a tseren mita 100 na mutum ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ya mai karatu, wata tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini, wadda har yau take yi mini kai-kawo a zuci. Wata shekara da hunturu, a makarantar da nake koyarwa, aka ɗora mini alƙalancin gasar gidaje. Gidan Ja ya lashe tseren miƙa sanda da rata mai yawa. Ana cikin murna sai ta bayyana cewa wanda ya yi gudun ƙarshe sojan haya ne, tsohon ɗalibi ne da ya gama tun bara, shugaban gidan ya sa masa riga ya cusa shi a madadin ƙaninsa da suke kama ƙwarai. Muka karɓe kofi muka ba Gidan Kore. Da yamma yaron da ya yi gudun farko ya tare ni, ƙafarsa duk kaushi da jini domin ba takalmi ya yi gudun, ya ce, "Malam, ni mene ne laifina?"

A ranar ban ba shi amsa ba, tsawa na daka masa. Amma tambayarsa tana da nauyi, domin kuwa tun muna yara aka koya mana cewa kowa abin da ya shuka shi zai girba, kuma ba a kama mutum da laifin wani. In haka ne, da wace hujja aka raba shi da abin da ya yi wa gumi?

Ba a filinmu kaɗai aka gamu da wannan ba. A shekarar 2017 aka karɓe wa Bolt lambar zinaren da ya ci a tseren miƙa sanda na Olamfik ɗin Beijing ta 2008, saboda an sake gwajin abokin gudunsa Nesta Carter an sami haramtaccen sinadarin ƙara kuzari. Ba a tuhumi Bolt da komai ba, amma lambarsa ta tafi. Masu iya magana sun ce wake ɗaya ke ɓata gari, sai dai karin maganar ya faɗi abin da ke faruwa ne kawai, bai ce adalci ba ne.

Bayan dogon tunani, ga inda na tsaya. Mun saba haɗa abu biyu da ya kamata a raba, wato laifi da riba. Laifi na mai shi ne, ba ya tsallakawa kan wani. Amma ribar da aka samu ta hanyar laifin ba ta halatta ga kowa, ko da wanda bai ji ba bai gani ba. Alal misali, mutum huɗu sun haɗa jari sun sayi shanu a kasuwar Wudil, daga baya aka gano sa ɗaya na sata ne. Ba wanda zai kira sauran ukun ɓarayi, amma kuma ba wanda zai ce su riƙe san don ba da saninsu aka kawo shi ba. Haka tseren miƙa sanda yake. Agogo lokaci ɗaya yake bugawa ga mutum huɗu, ba a iya yanke rubu'insa a ce wannan tsarkakakke ne.

Sannan akwai waɗanda muke mantawa da su, wato waɗanda aka wuce da zamba. A Olamfik ɗin Sydney ta 2000, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong sun zo na biyu a bayan Amurka a tseren mita 400 sau huɗu. A 2008 Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, Michael Johnson kuma ya ce zai mayar da tasa lambar da kansa. Sai a 2012 Kwamitin Olamfik na Duniya ya tabbatar wa Nijeriya zinaren, alhali Sunday Bada ya rasu tun watan Disamba na 2011. Ya bar duniya da azurfa a hannu, zinarensa yana ajiye a ofishin wasu. Duk wanda ya ce a bar wa marasa laifi ukun kofinsu don tausayi, to ya sani da haƙƙin wasu huɗu yake yin kyautar.

Saboda haka ban yi nadamar karɓe kofin ba. Nadamata a wani wuri take. Da na tsaya a taron safe na sanar da hukunci, cewa na yi Gidan Ja ya yi maguɗi, ban ware kowa ba. Har ƙarshen zangon karatu yara na kiran yaron nan ɓarawon kofi, shekarar da ta biyo baya kuma ya ƙi fitowa fili sam. Kofi ba nasa ba ne, amma mutuncinsa nasa ne, kuma shi ne na bari aka tafi da shi. Kalma goma da zan ƙara a taron nan ta isa ta wanke shi, amma gaggawa da fushi suka hana ni.

Tun daga lokacin, kafin a busa usur nakan tara 'yan tseren miƙa sanda in ce kowa ya dubi sauran ukun da kyau, ya tabbata ya san wanda zai damƙa wa sanda da wanda zai karɓa daga hannunsa. In kuwa hukunci ya kama, nakan ambaci mai laifi shi kaɗai, in wanke sauran a bainar jama'a. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.