Tawakkali Da Taka-tsantsan Ga Matafiyi A Zamanin Tsoro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani ɗalibina ya tambaye ni ko wanda ya fasa tafiya saboda tsoron 'yan ta'adda imaninsa ya yi rauni, tun da yake abin da Allah ya ƙaddara ba makawa sai ya auku. Na ga ya kamata in ba da amsar a wannan fili, domin sau da yawa a tasha idan aka gargaɗi direba kada ya kama hanya da yamma, sai ya ce ai kowa da ranarsa.

A harshen Larabci akwai kalmomi biyu masu kama da juna. Ta farko “tawakkul”, watau mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Ta biyu “tawaakul”, da jan wasali, watau ya naɗe hannu ya jingina sakacinsa ga ƙaddara. Ta farko ibada ce, ta biyu kuwa wauta ce, malamai kuma sun zarge ta.

Mu dubi Hijira a shekarar 622 Miladiyya. Babu wanda ya kai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, dogara ga Ubangiji, amma duk da haka Madina tana arewa, shi kuwa ya fara nufar kudu, ya ɓuya a Kogon Sauru kwana uku tare da Sayyidina Abubakar. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labarin Makka da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki su shafe sawu, sa'an nan suka ɗauki ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ya bi da su ta gefen teku. Haka kuma Sayyidina Umar ya juyo daga Sarga da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya kuma bayyana wa masu gardama cewa juyowar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Ko aikin Hajji, malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun sanya amincin hanya ga rai da dukiya cikin sharuɗɗan iko. To, idan farilla ta jira aminci, ina ga zuwa biki ko cin kasuwa?

Abin da ya faru a ƙasarmu ya ishe mu wa'azi. A watan Fabrairu na 2020 matafiya suka iso Auno, kusa da Maiduguri, bayan an rufe ƙofar shiga gari, suka kwana cikin motocinsu. Cikin dare aka far musu, aka kashe mutane kimanin 30, aka ƙone motoci. Ranar 28 ga Maris 2022 kuma aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna hari, alhali da yawa daga fasinjojinsa gudun masu satar mutane a hanyar mota ne ya sa suka shiga shi. Ragowar waɗanda aka sace ba su kuɓuta ba sai watan Oktoba na shekarar 2022. Ba mu zargin waɗanda abin ya shafa, Allah ya ji ƙan mamatansu. Sai dai na farko yana koya mana lissafin lokaci, na biyu kuwa yana koya mana cewa dabara kaɗai ba ta tsare bawa, dole a haɗa da addu'a.

Saboda haka, wanda zai yi tafiya ya fara da Istihara da shawara, ya tambayi direbobin da suka fito daga hanyar a ranar. Ya yi sammako, ya tabbata zai isa kafin faɗuwar rana. Ya shiga mota a tasha, kada ya tsayar da ta bakin titi don neman araha. Kada ya yi shelar ranar tafiyarsa ko abin da ya ɗauko, sai ga iyalinsa. Shari'a ta yi masa rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, don haka bai kamata ya tsayar da mota a dokar daji ba. Ya rubuta basussukansa da wasiyyarsa, ya kuma yi addu'ar tafiya. Direba ya sani rayukan da ya ɗauka amana ne, kada kwaɗayin sawu ɗaya ya sa ya kai su ga halaka. Hukuma kuma ta sani tsaron hanya haƙƙi ne a wuyanta, za a tambaye ta gobe Ƙiyama. Wanda kuwa yake kai wa 'yan ta'adda labarin matafiya, to, yana da kaso a cikin jinin da aka zubar.

Amsa ga ɗalibina ita ce, fasa tafiya saboda hatsari bayyananne bin Sunna ne. Allah ya tsare matafiyanmu, ya mayar wa hanyoyinmu da aminci, amin. Wassalamu alaikum.