In Ɗanka Ya Sake Kama

Ya ɗan'uwa mai karatu, kai da ka shiga hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, da kai kuma da ka ke binciken ta tukuna, ga tambaya. Yaron da jiya ya ke guje-guje a tsakar gida, yau ya zauna gindin bango ba ya wasa. In an taɓa shi ya yi kuka, in an ba shi tuwo ya kau da kai. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kumatunsa da ƙafafunsa sun kumbura. Me ya wajaba a kanka ka fara yi?

A Ƙofar Guga, da sauran unguwannin Katsina, amsa biyu ce ta fi saurin zuwa baki. Waɗansu su kan ce rigima ce da sangarta, su ɗauko tsumagiya. Waɗansu kuwa su ce mayya ta kama kurwarsa, nan da nan idanu su koma kan wata tsohuwa gwauruwa ta maƙwabta. Duka biyu hukunci ne da a ka yanke tun ba a duba ba. Ta biyun ta fi muni, gama shaidar zur ce a kan maƙwabciya, yaron kuma yana nan kwance da ciwonsa ana ta neman mai laifi. In guga ya fito da ruwa mai laka, mai hankali rijiya ya kan leƙa.

Sau da yawa abin nan tamowa ce. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana irinta mai kumburi a ƙasar da yanzu a ke kira Gana a 1933, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da mutanen Ga su ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon da yaro ya kan yi sa'ad da ƙanensa ya zo. Iyayenmu ma sun lura da wannan, shi ne su ke cewa yaro ya sha ciki. Lurarsu daidai ce, dalilin ne ya kuɓuce musu. Nonon mai ciki ba dafi ba ne. Yaye na gaggawa shi ke kawo ɓarna: a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, a bar shi da koko tsararo. Ciki ya cika, jiki bai sami abin ginuwa ba. In ƙyanda ko zawo ko zazzaɓin sauro ya biyo baya, sai ya ƙarasa kayar da shi. Ka tuna kuma yaron nan ya rasa bayan uwarsa dare ɗaya. Ko babba ne a ka yi wa haka, ai fuskarsa ta sake.

Kumburin shi ya fi ruɗin mutane, har a kan ce yaro ya yi ƙiba. Ka danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ka ƙirga uku a hankali, ka ɗaga. In gurbin ya zauna, ruwa ne, kada ka kwana ba ka kai shi asibiti ba. Can za su auna damtsensa da wani ɗan tsiri mai launi. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in bai kai santimita 11.5 ba, ya shiga ja, tamowar ta tsananta. Akwai abin da a ke ba su, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi a yunwar 2005. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara wannan aiki a Katsina a 2021, ta kuwa ce yara 652 su ka mutu a wuraren jinyarta a jihar cikin wata shida na farkon 2025, yawanci domin ba su sami kulawa da wuri ba.

Na san za ka ce, hatsi ya yi tsada, mahara sun hana noma wajen Jibiya da Batsari, me talaka zai yi? Gaskiyarka, ba kuwa zan ɗora maka laifin abin da ya fi ƙarfinka ba. Amma akwai abin da ke hannunka. A gidaje da yawa maigida a ke fara zuba wa, tsokar nama ɗaya da ke cikin miya a kwanonsa ta ke sauka, ƙaramin gida kuwa sai romo. Ana hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata, a kai ƙwan kasuwa. Wanda ya ce yana bin Ubangijin da ya sa yara su zo gare shi, yaya zai ci gaba da wannan rabo? Ka sa a daka ƙuli-ƙuli ko wake a cikin kununsa, a zuba zogale a miya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, a kwanonsa shi kaɗai, domin manya su kan riga shi.

Addu'a kuwa ka yi ta, ka kira 'yan'uwa su taya ka, amma ku yi ta kuna bisa hanyar asibiti. In uwarsa tana jin kunyar fita da shi domin maganar kishiya ko maƙwabta, kai ka saɓa shi a kafaɗa, ka wuce gaba, ita ta biyo ka da ruwan sha da zanen goyo.