Hakkin Wanda Ba Ya Iya Kai Ƙara

A cikin dabbobin da ke zaune gida ɗaya da ɗan Adam, babu wadda ta kai kyanwa araha. Mai son akuya sai ya kai kuɗinsa kasuwa, mai son doki kuwa sai ya shekara yana tari. Amma in kyanwa ta haihu a gidan maƙwabci, yara ne ke rububin 'ya'yan, kowa ya cusa nasa cikin aljihu ya nufi gida, ba ciniki, ba shaida, ba la'ada. Abin da aka samu a banza kuwa, riƙon banza a kan yi masa. Saboda haka da yawa daga cikin 'ya'yan kyanwa ba su kan cika mako guda a sabon gida ba, sai a wayi gari a tarar da su a sandare bayan randa, a ɗauka a jefa kan juji, kowa ya kama harkarsa. Abin tambaya a nan shi ne, shin akwai alhaki cikin irin wannan mutuwa? In kuwa akwai, a wuyan wa ya ke?

Ga misali. Yaro ne ya shigo gida da hantsi, cikin hunturu, rungume da ɗan kyanwa wanda bai wuce mako huɗu da haihuwa ba. Ya nufi ɗakin kakarsa yana murna, ya ce, "Kaka, kin ga abin da aka ba ni!"

Tsohuwa ta dubi abin, ta ga ko tsayuwa bai ƙware ba, sai ta ce, "Kai maigida, ina ka baro uwarsa?"

Ya ce, "Tana can gidansu."

Ta ce, "To, daga yau kai ne uwarsa. Ka iya?"

Yaro ya yi dariya, yana tsammani wasan jika da kaka ne. Alhali kuwa tsohuwa ta faɗi dukan abin da ke cikin al'amarin. Wanda ya raba jariri da uwarsa tun bai isa rabuwa ba, ya ɗauki aikin uwar ya aza wa kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Aikin nan kuwa ba ƙarami ba ne. Kyanwa kan yi kwana 63 zuwa 65 da ciki. Ɗan da ta haifa nauyinsa kimanin giram 100 ne, watau kamar ƙwan kaza biyu. Ba ya gani, ba ya ji, sai bayan mako guda ko kwana goma idanunsa ke buɗewa. A makonnin farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi, da jikin uwarsa da na 'yan'uwansa ya ke jin ɗumi. Har fitsari da kashi ba ya iya yi don kansa kafin ya kai wajen mako uku, sai uwar ta lashi ƙasan cikinsa tukuna. Wajen mako na uku zuwa na huɗu haƙoran nono ke fitowa, daga nan ya fara leƙa abin da uwarsa ke ci. Wannan shi ne mafarin yaye, ba ya kuwa kammala sai wajen mako na takwas. Don haka ne likitocin dabbobi ke horon kada a raba ɗan kyanwa da uwarsa kafin mako 8, in ma da hali a bari ya kai 12.

Hausawa ba baƙin yaye ba ne. Sun san ba a yaye yaro rana tsaka. Sai ya fara shan kunu, ya saba da tuwo, ya taka ƙasa da ƙafarsa, sa'an nan a kai shi gidan kakarsa, a yi ta lallashi har ya manta da nono. Duk uwar da ta yi gaggawar yaye, unguwa ce za ta yi da ita. Abin mamaki shi ne, mutanen da suka san wannan sarai game da ɗan mutum, su ne za su ɗauke ɗan dabba daga kan nono, su ajiye masa ɗan guntun tuwo, in ya ƙi ci su ce ba shi da rabo.

Ba mugunta ce ke kawo haka ba. Yaron nan yana son ɗan kyanwarsa har zuci. Tausayi ne zai sa ya ɗebo madarar shanu ya cika masa kwano, domin kowa ya taso yana jin cewa kyanwa da madara ba su rabuwa. Amma madarar shanu ba ta kai nonon kyanwa maiƙo da abin gina jiki ba, tana kuma sa 'ya'yan kyanwa zawo, zawon kwana ɗaya kuwa ya isa ya ƙarar da ruwan jikin abin da bai cika tafin hannu ba. Tausayi ne zai sa ya kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum ya ɗura masa, madara ta bi ta hanyar numfashi ta sauka a huhu. Tausayi ne zai sa ya gutsura masa nama daga cikin miya, alhali albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Tausayi ne kuma zai sa, in ya ga abin ya yi laushi, ya ɓantari farasitamol ya ba shi, wanda ƙwaya guda ta isa ta kashe ko babbar kyanwa. Duk wannan da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma niyya ba ta tayar da gawa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ashe ke nan tausayi shi kaɗai bai isa a kira shi alheri ba. Tausayi abu ne da ke motsawa cikin zuciyar mai shi, shi ne ma ke jin daɗinsa. Alheri kuwa sai ya isa ga wanda aka nufa, ya amfane shi. Abin da ke haɗa su biyun shi ne sani, da jimiri. Wanda ya ce yana son wata halitta amma ya ƙi ya tambayi abin da ke rayar da ita, to, ba ita ya ke so ba, daɗin riƙonta ya ke so.

Sanin da a ke bukata kuwa ba mai wuya ba ne. Da fari, in uwar tana nan da rai, mafificin alheri shi ne a mayar mata da ɗanta har ya isa. Wanda ma ya tsinci 'ya'ya a kango ko bayan rumbu, kada ya yi saurin cewa marayu ne, ya ja da baya ya jira, sau da yawa uwar farauta ta tafi. In ta tabbata ba uwa, sai a fara da ɗumi, a sa shi cikin kwali da tsumma, a ɗaki inda iska ba ta bugawa, gama ba a ciyar da ɗan kyanwa jikinsa da sanyi. In akwai wata kyanwa mai shayarwa, ta kan karɓe shi. In babu, akwai madarar gari da a ke yi musamman domin 'ya'yan kyanwa, a kan same ta wajen masu sayar da magungunan dabbobi a manyan birane. A ba shi yana kwance a kan cikinsa, kaɗan kaɗan, dare da rana. In ya kai mako huɗu, sai a dafa nama ko kifi, ba gishiri ba yaji, a cire ƙaya, a dama da ruwan ɗumi ya yi kamar kunu, a zuba a murfin kwano. Zai taka ciki, zai ɓata fuska, kada a ƙosa. A ba shi kamar sau huɗu a yini, kullum ana rage ruwan ana ƙara kauri, a ajiye masa ruwan sha da ɗan kasko na yashi. Lafiyayye ya kan ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana. Wanda ya yini bai ci ba, ko nauyinsa ya tsaya, a hanzarta kai shi ga likitan dabbobi, wanda zai ba da maganin tsutsar ciki, in kuma ya kai wata uku a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Wani zai ce, me zai hana a yaye shi da tuwo da koko kamar kowa? Dalili shi ne, an halicci kyanwa ne a kan cin nama. Akwai wani sinadari a cikin nama da a ke kira taurin, wanda jikin kyanwa ba ya iya yin isasshe don kansa. A shekarar 1975 masana a Amurka suka gano rashinsa yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma aka gano yana lalata mata zuciya. Tsoka zalla ma ba ta isa ginin ƙashi, gama kyanwa in ta kama ɓera, da ƙashi da kayan ciki ta ke cinyewa. Adalci ga kowace halitta shi ne a ba ta abin da ya dace da halittarta, ba abin da ya sauƙaƙa ga mai bayarwa ba.

To, amma wa ya wajabta wa mutum duk wannan wahala? Ba wanda ya tilasta masa ya ɗauko. Sai dai da ya ɗauko, al'amari ya sake. Malamai suna karantar da hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Laifinta fuska biyu ne, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Watau mai riƙe da dabba yana da ƙofa biyu ta fita daga alhaki, ko ya ciyar, ko ya saki. Babbar kyanwa in an sake ta, ta kama ɓera. Ɗan mako huɗu kuwa, sakinsa kisa ne. Wanda ya ɗauke shi daga uwarsa ya rufe ƙofa ɗaya da hannunsa, saura ɗaya ta rage masa. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukan malaman ƙasar nan, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, ya kuma hana a tatsi nonon da zai cuci ɗanta. In har shari'a ta tsare wa ɗan maraƙi rabonsa na nono, ba za a ce ɗan kyanwa ba shi da kowane hakki ba.

Akwai kuma masu cewa, a garin da almajiri ke kwana da yunwa, ba kunya ba ce a dafa wa kyanwa kifi? Wannan magana tana da nauyi, ba a kuwa yi mata dariya. Babu shakka hakkin mutum yana gaba da na dabba. Wanda abin hannunsa bai isa iyalinsa ba, kada ya ƙaro baki, ya bar ɗan kyanwa wajen uwarsa, ba shi da laifi ko kaɗan. Amma maganar tana hana ɗauka ne, ba ta halatta tozartawa bayan an ɗauka. Ba a kuwa taɓa jin almajirin da ya ƙoshi don an bar kyanwa ta mutu ba. Galibi hannun da ya saba miƙa wa dabba, shi ne ke saurin miƙa wa mabaraci, gama rahama ba hatsi ba ce da za ta ƙare don an ɗiba.

Har wa yau, kyanwa ba cima-zaune ba ce. Tun da ɗan Adam ya fara tara hatsi ɓera ya bi shi, kyanwa kuma ta bi ɓera. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kimanin 9,500, aka sami mutum da kyanwa binne kusa da juna, aka ba da labarin a shekarar 2004. Tsohon alkawari ne tsakaninsu, ita ta tsare rumbu, shi ya ba ta wurin zama. Amma ko da ba ta kama ɓera ko ɗaya ba, hakkinta yana nan, domin tushensa ba amfaninta ba ne, rauninta ne, da kasancewarta a hannun mutum. Bara in an cuce shi ya kai ƙara wurin alƙali, doki in an cuce shi ya yi harbi. Ɗan kyanwa ba shi da alƙali, ba shi da kofato. Yadda mutum ya riƙe wanda ba ya iya kai ƙara, nan a ke gane ko adalcinsa na gaskiya ne ko na tsoro. Alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi.

Sauran abu guda, shi ne ƙarshen riƙon. Uwar kyanwa in lokaci ya yi, ta kan riƙa tashi in 'ya'ya sun zo shan nono, ta kawo musu ɓera, da fari matacce, daga baya mai rai, har su koyi kamu. Ba ƙiyayya ce ta sa ta ba. Manufar shayarwa ita ce a kai ga yaye, manufar kowane riƙo kuma ita ce wanda aka riƙa ya tsaya da ƙafarsa. Wannan darasi ya wuce kyanwa, ya shafi uba da ɗansa, da malami da almajirinsa, da mai sana'a da yaronsa.

Yaron nan da aka ba da misalinsa, in ya ji maganar kakarsa, zai yi wata guda yana tashi cikin sanyin asuba yana ɗumama ruwa, yana wanke murfin kwano, yana fasa zuwa wasa. Ran da ya ga ɗan kyanwarsa ya cinye abincinsa shi kaɗai, ya lashe hannu, ya haye katanga bai ko waiwaye shi ba, watakila ransa ya ɗan sosu. Amma a ranar ce ya sauke amanar da ya ɗauko cikin aljihu, ya kuma iya amsa tambayar da tsohuwa ta yi masa.